Ina gab da gama MPH, ta ina zan fara neman aiki a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wato MPH, a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, amma a Kaduna nake zaune da maigidana da yara biyu. Digirina na farko a kimiyyar ƙwayoyin cuta ne. Na yi bautar ƙasa, ban taɓa riƙe aiki na dindindin ba. Mun gama darussan aji, yanzu ana maganar zaɓen batun kundi. Na tura CV wurare da dama, ko amsa ba a ba ni. Wasu na cewa sai da hanya, wasu na cewa in wuce digiri na uku kawai, wani kuma ya ce in kawo kuɗi ya samo min gurbi a wata ƙungiya. Don Allah me kike ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya sa albarka a karatun, Ya raya yaran. A duk wasiƙarki abin da ya fi faranta min rai shi ne har yanzu ba ki zaɓi batun kundi ba. Wannan ce babbar damar da ke hannunki, kuma a kanta zan fi daɗewa. Amma bari in fara kawar da maganar mai neman kuɗi, don ita ce ta gaggawa. Kada ki ba shi ko sisi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su WHO da UNICEF suna faɗa ƙarara cewa ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci, manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu ma haka. Na ga mata da suka sayar da zinarensu aka miƙa musu takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu, suka je kama aiki aka ce ba a san da su ba. Kuɗi ya tafi, mutumin ya kashe waya, ga kunyar gida. Ki rabu da shi tun yau.

Shirun da kike ji daga wuraren da kika nema ba shaida ba ce cewa ba ki iya ba. Kasuwar ce ta canza. Shekaru da yawa, mafi yawan ayyukan da masu MPH ke rububi a Arewa da kuɗin waje ake biyan su: Amurka ta hannun hukumarta ta ba da tallafi USAID da shirinta na yaƙi da ƙanjamau PEPFAR, Birtaniya ta shirye-shirye irin su PATHS2 da MNCH2 da Lafiya, waɗanda duk sun yi aiki a jihar nan, sai Global Fund da Gavi da Gidauniyar Gates. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, aka umarci ayyuka su tsaya, zuwa Yulin shekarar kuma aka rufe USAID. A Fabrairun 2025 Birtaniya ita ma ta sanar za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta. Mutanen da suka daɗe suna aiki, suka goge, sun dawo gida, sun shiga layi ɗaya da ke suna neman gurbin da a da sabon shiga ake ba wa. Na sha zama a kwamitin tantance masu neman aiki. Takardun da ke shigowa kan gurbi ɗaya sun fi ƙarfin a karanta su duka a natse, don haka ido yana bin shafin farko ne da tambaya guda: me wannan ta taɓa yi da hannunta? In ba a gani ba, sai a ɗauki ta gaba.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibi ranar da ya sayi fom ba, wato MPH ba lasisi ba ne. Likita na da rajista da MDCN, nas da ungozoma na da majalisarsu, masanin gwaje-gwajen asibiti na da MLSCN, duba-gari na da tasu hukumar, ma'aikatan lafiya na matakin farko da ake ce wa CHEW da CHO ma haka. A aikin gwamnati digirin farko da lasisi su ke nuna layin da za a ɗora mutum da tsarin albashinsa, MPH ƙari ne a kai. Ke da kika karanta ƙwayoyin cuta, galibi layinki na jami'ar kimiyya ne, ko sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga. Saboda haka kada ki ɓata ƙarfinki a tallan da ya ce sai mai lasisi. Ki mai da hankali inda ba a tambayar sa: tattara bayanai da nazarinsu, sa ido da auna sakamakon aiki da ake ce wa M&E, bibiyar ɓullar cututtuka, wayar da kan jama'a, kula da zirga-zirgar magani da allurar rigakafi, gudanar da bincike, da inshorar lafiya.

To, mu zo kan kundin. Yawancin ɗalibai suna zaɓar batu ne don sauƙinsa. A raba takardar tambayoyi ga ɗaliban wata makaranta a kan abin da suka sani game da wata cuta, a haɗa teburi, a kare a gaban malamai, a ɗaure, a ajiye a laburare. An samu digiri, amma babu wanda ya san ɗalibin a wajen sashensu, babu kuma ofishin da ya amfana. Shawarata ki ɗauki kundin nan a matsayin aikinki na farko. Ba za a biya ki ba, amma ke za ki zaɓi wurin, kuma babu wanda zai tambaye ki gogewar shekara biyar kafin ya bar ki ki shiga.

Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya a matakin farko guda ɗaya mai aiki sosai. Kowane wata waɗannan asibitoci suna cike fom ɗin rahoto, a kai wa jami'in M&E na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a DHIS2, manhajar da ake tara bayanan lafiya a cikinta. Bayanai na nan jibge: awon ciki, haihuwa a asibiti, rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, tazarar haihuwa, tamowa. Masu lokacin zama su yi musu tambaya ne kaɗan, domin jami'an suna fama da taro da rahoton gaggawa da shirin zagaye na gaba.

Ga misali ɗaya, don ki ga yadda nake nufi. Ana yi wa jariri allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya, sau uku, a sati 6 da 10 da 14. Idan kika ɗauki adadin yaran da aka yi wa ta farko, kika cire waɗanda suka kai ta uku, kika raba abin da ya rage da adadin farkon, kin samu kason waɗanda suka zube a hanya. In ya haura kashi 10 cikin ɗari, ma'aikata sun san akwai matsala. Ki ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya kusa da ke, Igabi inda Rigasa take, ko Chikun, ko Kaduna ta Arewa, ki fitar da wannan lissafi asibiti-asibiti na shekara biyu, ki gano inda zubewar ta fi muni, sannan ki tafi can ki zauna da iyaye mata da mai yin allura da mai unguwa ki ji dalili. Wata za ta ce miki yaron ya kwana da zazzaɓi bayan ta farko, maigida ya hana a koma. Wata za ta ce ta je aka ce ba ranar allura ba ce, kuɗin mota bai bari ta sake zuwa ba. A wani asibitin kuma za ki tarar yaran sun dawo, rajista ce ba a cike daidai ba. Kowane ɗaya daga dalilan nan maganinsa daban, kuma shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumar yana matuƙar son ya san wanne ne nasa. Ƙiyasin WHO da UNICEF na 2023 ya nuna yara sama da miliyan 2 a Najeriya ba a yi musu ko Penta ta farko ba, shi ya sa wannan fage ne da gwamnati da masu tallafi ba su cire hannu daga gare shi ba.

In rigakafi bai kwanta miki ba, batutuwa na da yawa a jihar nan, wasu ma sun fi dacewa da digirinki na farko. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ta taɓa Kafanchan a 2023, kuma ana iya tambayar kwana nawa ake ɗauka daga ganin mara lafiya zuwa sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, zuwa isar samfur ɗakin gwaji. Akwai ingancin ruwan rijiya da na 'yan garuwa a unguwannin da kwalara ke yawan komawa. Akwai cibiyar horo ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da makarantarku. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ƙungiyar Sightsavers, waɗanda suka daɗe a kan cututtukan da ke makantar da mutane. Akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, da tambayar me ke hana 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu shiga tsarin. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da tambayar me ya canza a asibitin mazaɓa bayan kuɗin ya fara shiga asusunsa. Har jiragen Zipline marasa matuƙi da suka fara kai magani daga Pambeguwa a 2022 abin bincike ne.

Amma kada ki zauna a ɗaki ki zaɓa. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ki je ofishin da kanki, zuwa da kai ya fi aike. Ki gaishe su, ki ce ke ɗaliba ce, ki tambaya wace matsala ce ke damun su wadda ba su da lokacin bincika ta. Ki saurara, ki rubuta. Daga nan ki kai wa malamin da ke duba kundinki, ku daidaita abin ya cika sharaɗin jami'a. Za a buƙaci amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na jami'a ko asibitin koyarwa da na Ma'aikatar Lafiya ta jiha, kuma yana cin lokaci, don haka ki nema da wuri. Wannan zirga-zirga ita kanta riba ce, domin a cikinta ake sanin fuskarki da sunanki.

Abin da zai raba ki da sauran ɗalibai kuwa shi ne komawa. Jami'an ƙananan hukumomi sun gaji da masu zuwa su kwashi bayanai su ɓace. Ke in kin gama, ki taƙaita abin da kika gano a shafi biyu: zane ɗaya, taswira ɗaya in ta samu, da shawara uku da za a iya aiwatarwa da abin da ke hannu. Ki kai musu, ki roƙi minti goma a taron bitar bayanai na wata ko na wata uku. A irin wannan taro ne ma'aikatan ƙungiyoyi ke zama gefe da na gwamnati. Na taɓa ganin matashin da ya yi irin wannan bayani, kafin a tashi wata jami'ar ƙungiya ta karɓi lambarsa, ba da jimawa ba aka kira shi aikin tattara bayanai na ɗan lokaci, daga nan ya samu kwantiragi. Ba kowa ke dacewa haka ba, amma ko ba a kira ki ba, kin samu abin rubutawa a shafin farko na CV, kin kuma samu babban ma'aikaci da zai tsaya miki shaida don ya ga aikinki da idonsa.

Yayin da kike kundin, ki koyi kayan aikin da ake gwada mutum a kai. Na farko Excel, kuma ba shigar da lamba kawai ba. Ki iya tsaftace bayanai masu datti, ki gano waɗanda aka maimaita, ki haɗa teburin Pivot, ki fitar da zane mai ma'ana. A yawancin guraben M&E, kafin a zauna da ke za a ba ki kwamfuta da fayil a ce ga minti talatin, kuma a nan masu manyan takardu da yawa ke faɗuwa. Na biyu DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ta ƙera, wadda ita ce rumbun bayanan lafiya na ƙasar nan. Akwai darasin farko kyauta a intanet, amma zama kusa da jami'in M&E ranar shigar da rahoto ya fi koyarwa. Na uku KoboToolbox ko ODK, manhajojin tattara bayanai da waya: ki gina fom ɗin kundinki da kanki, kada ki ba wani ya yi miki. Sannan manhajar nazari ɗaya ki iya ta da kyau. Ana yawan koyar da SPSS a aji, Stata na da tsada, R kuwa kyauta ce kuma masu bincike na ƙara komawa gare ta. Ni R nake ba matasa shawara, ko da farkonta na da wuya. In kin samu sarari ki ƙara QGIS don taswira. Abin atisaye na nan: bayanan manyan binciken gida-gida na ƙasa, MICS na 2021 da NDHS, wanda na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 a Najeriya na rasuwa kafin shekara biyar, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 110. Ki ware na Kaduna, ki kwatanta da maƙwabta, ki rubuta shafi ɗaya a kan abin da kika gani. Rubutu da Turanci mai tsafta, gajere, shi ma fasaha ce da ake nema ruwa a jallo.

Kada kuma ki raina Hausarki. Mai iya jagorantar tattaunawa da matan unguwa, ta rubuta abin da aka faɗa, ta mayar da shi Turanci ba tare da ma'ana ta zube ba, ta fassara takardar neman amincewa yadda tsohuwa za ta gane, tana da abin da masu zuwa daga Abuja ko ƙasar waje ba su da shi. Da ɗan gari kan ci gari. Ki rubuta wannan a CV dalla-dalla, kada ki tsaya a cewa kina jin Hausa.

Hanya ta biyu ta tara gogewa ita ce ayyukan wucin gadi. Duk damina ana rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro gida-gida ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. An tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna a Agustan 2020, amma zagayen ɗigon rigakafi bai tsaya ba saboda nau'in da ya rikiɗe. Ga Makon Lafiyar Mata da Yara, ga rabon gidan sauro, ga bincike-bincike na gida-gida. Duk suna ɗaukar masu kula da tawaga, masu sa ido da masu tattara bayanai, kuma yawanci ta ƙaramar hukuma ake shiga, wajen jami'in rigakafi ko mai kula da shirin zazzaɓin cizon sauro. Alawus ɗin kaɗan ne, wani lokaci ya makara, ga rana ga ƙura. Amma ki riƙe littafi ki rubuta mazaɓar da kika yi aiki, tawaga nawa kika kula da su, wace matsala ta taso, yaya kika warware ta, ki kuma nemi takardar shaida a ƙarshe. Aikin sa kai a ofis ma yana da amfani in an yanka masa wa'adi, wata uku zuwa shida, an rubuta abin da za ki yi. In ya zama shekara ana aiken ki kwafe takardu, an wuce koyarwa an shiga ci da gumin mutum, ki yi sallama cikin mutunci.

Game da inda aikin yake, ina roƙon ki kada ki kafa ido a kan ƙungiyoyi kaɗai. A jiha akwai Ma'aikatar Lafiya, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, KADCHMA, hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau KADSACA, hukumar samar da magunguna da kayan asibiti, da Hukumar Ƙididdiga. A tarayya akwai hukumar daƙile cututtuka NCDC, wadda dokarta ta fito a 2018, da ta lafiya a matakin farko NPHCDA, da ta inshorar lafiya NHIA, da NAFDAC. A nan kusa akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, na ABU a Shika, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, cibiyar kunne ta ƙasa, da cibiyar binciken cutar sammore ta NITR. Akwai koyarwa a kwalejojin kimiyyar lafiya, ta Maƙarfi da masu zaman kansu da suka yawaita a Kaduna da Zariya, inda ake iya farawa da darasi ɗaya ko biyu. Albashin gwamnati bai kai na ƙungiya ba, wannan gaskiya ne. Amma ba ya ƙarewa da ƙarewar kwantiragi, akwai hutun ƙaro karatu, kuma horo mai daraja irin na NFELTP, shirin koyar da bibiyar ɓullar cututtuka a fage, wanda aka fara a 2008 tare da jami'arku da ta Ibadan, ma'aikatan gwamnati ya fi ɗauka. Tun yarjejeniyar sabunta fannin lafiya da tarayya da jihohi da masu tallafi suka sa wa hannu a Disambar 2023, alƙiblar ita ce a riƙa bi da kuɗi da aiki ta tsarin gwamnati. Wanda ya san yadda ma'aikata ke tafiya daga ciki, ƙungiyoyi ma sun fi son sa daga baya. Tallan ayyukan ƙungiyoyi kuma ki riƙa duba su a shafukansu na ainihi, da ReliefWeb da MyJobMag da Jobberman da LinkedIn. Abin da aka turo a WhatsApp ki tabbatar da shi a shafin ƙungiyar kafin ki tura takardunki.

CV ɗin shafi biyu ya isa. Ki cire makarantar firamare da abubuwan sha'awa, ki ɗora abin da kika aikata a sama. Maimakon ki ce kin shiga aikin rigakafi, ki ce, a misali, kin kula da tawaga 6 a mazaɓa kaza, kin duba rajistarsu kullum, kin gano gidajen da aka tsallake aka koma musu. Lambobin su zama na gaskiya, don za a tambaye ki a kansu. Kowane talla ki karanta shi layi-layi, ki sake jera CV ɗin ya amsa abin da aka nema. Nema goma da aka yi da kulawa sun fi ɗari da aka watsa. Ki bi umarnin tallan hatta a taken imel, domin wasu takardun a nan ake zubar da su. Waɗanda kika sa a matsayin masu shaida, ki nemi izininsu tukuna, ki tura musu CV ɗin.

A ganawa kuwa akwai abin da ke cutar 'ya'yanmu, musamman mata. An raine mu da kunya da kawaici, ba ma son yabon kai, sai a tambayi mutum me ya yi ya ce "mun yi" yana kallon ƙasa. Kwamiti ba zai iya ba ki maki a kan aikin tawaga ba. Ki ce "ni na tsara fom ɗin, ni na horar da masu tattarawa, ni na rubuta rahoton". Faɗin gaskiyar abin da kika yi ba alfahari ba ne. Ki shirya labari uku na aiki da za ki iya bayarwa cikin minti biyu kowanne: matsalar, abin da kika yi, abin da ya biyo baya. Ki karanta aikin ƙungiyar a Kaduna kafin ki je. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ki faɗi yadda za ki nemo shi.

Maganar hanya ba zan musa ta ba, tana nan, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Sai dai hanya iri biyu ce. Akwai takarda daga babban mutum, wadda ke da ita ko babu. Akwai kuma wanda ya ga aikinki ya ambaci sunanki a ɗakin da ba ki ciki, kuma wannan kowa na iya gina ta. A wurin da ake bin manaja bashin rahoto duk wata uku, ta biyun ta fi tasiri, don ba ya son a ɗora masa wanda zai yi wa aiki. Mafi kusa da ke su ne 'yan ajinku. A ajin MPH akwai likitoci da nas da jami'an ma'aikata da na ƙungiyoyi da suka zo ƙaro karatu. Ki zama wadda ake jin daɗin haɗuwa da ita a aikin rukuni, ki taimaka wa wanda nazarin bayanai ya sha masa kai, ki kuma faɗa musu a fili kina neman aiki da irin wanda kike so. Ki tura taƙaitaccen bincikenki zuwa taron shekara na ƙungiyoyin masana lafiyar al'umma, ko allo aka ba ki ki tsaya gefensa. Ki kiyaye iyakarki kuma: ganawa a ofis, a lokacin aiki. Duk wanda ya fara jan maganar zuwa wani abu daban, ki tattara takardunki ki fita, aikin da zai zo ta nan ba alheri a cikinsa.

Kin ambaci maigida da yara. Ku zauna ku yi maganar tafiye-tafiye tun kafin ki nema, ba bayan an ɗauke ki ba. Wasu guraben na buƙatar kwana a waje, wasu hanyoyin jihar nan kuma suna da matsalar tsaro, dole a auna. Ku daidaita kwana nawa a wata zai yiwu, wa zai riƙe yara, sannan in an tambaye ki a ganawa ki faɗi abin da za ki iya cikawa. Akwai ayyuka da yawa na cikin gari, na bayanai da daidaita bincike da koyarwa. Ki sani kuma a gidajen da namiji ba ya shiga, ke za ki shiga ki zauna a tabarma ki ji abin da ba za a faɗa wa namiji ba, shi ya sa ake neman mata masu ilimi irinki a aikin lafiyar uwa da jariri.

Digiri na uku ba na ba ki shawararsa yanzu, sai in koyarwa a jami'a ko bincike ne burinki na haƙiƙa. In kika shige shi don gudun zaman gida, bayan shekara huɗu ko biyar za ki fito da giɓin nan dai a CV, ga shi kuma za a ce kin fi ƙarfin ƙananan gurabe. Ko tallafin karatun ma aiki yake bi: TETFund na ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati ne, Chevening ta Birtaniya kuma, wadda ta digiri na biyu ce, tana neman gogewar aiki ta shekara biyu. Ki yi aiki tukuna, tambayar da ta cancanci digiri na uku za ta fito miki daga fage.

Kada kuma ki jira kwali ya fito kafin ki ci gaba da nema, domin tsakanin kare kundi da fitowar sakamako ana iya ɗaukar watanni. Ki rubuta a CV cewa kina kan karatun, da lokacin da kike sa ran gamawa, ki karɓi takardar shaidar hakan daga sashenku. In kin je ƙaramar hukumar kin ji abin da ke damun su, ki rubuto min batutuwan da suka ba ki tare da shafin farko na CV ɗinki, in duba in taya ki zaɓa. Allah Ya buɗa miki ƙofar alheri, ki gaishe da maigida da yara.